Jan Allin Malam Tarko

Tun kafin mu fita daga gida na roƙe shi abu ɗaya. Ina durƙushe ina ɗaura masa igiyar takalmi, don hannunsa na dama bai koma iya wannan ba tukuna, na ce, "Baba, don girman Allah, yau ban da tarko."

Ya dubi tsakiyar kaina ya ce, "Na ji, Uwata."

"Ji daban, yarda daban."

"To lauya, na ji kuma na yarda. Tashi mu tafi."

Mama tana bakin ƙofa riƙe da sandarsa. Ta miƙa masa, ya ƙi karɓa, ta miƙa mini na saka a bayan mota ba tare da ya gani ba.

Babana malamin kimiyyar sinadarai ne a makarantar sakandare, tun kafin a haife ni yake wannan aikin. Ba wanda ke kiransa da sunansa, kowa Malam Tarko ya sani, har iyayen yara. Dalilin laƙabin kuwa shi ne, a kowane darasi sai ya dasa kuskure guda ɗaya a kan allo da gangan, ya koma gefe ya yi fuskar mutanen kirki yana jira. Duk wanda ya fara ganowa sai ya daka tsawa ya ce "Tarko!", Baba ya ciro jan alli daga aljihun rigarsa ya ba shi, ya fito ya gyara da hannunsa. Ni ma na zauna a ajinsa, kuma sau ɗaya tak jan allin nan ya shiga hannuna. Ranar har a gida sai da na hana yayyena sakat.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi wata safiya a banɗaki. Allah ya tashi kafaɗunsa, amma bai tashi yadda ya kwanta ba. Ƙafar dama tana ja, hannun dama ya ƙi riƙe alli, magana kuma tana fitowa a hankali kamar ana zuba zuma a lokacin sanyi. Ya koyi rubutu da hagu a jikin ƙofar kabad ɗin Mama, wadda ta baƙanta ta da fenti dominsa tana mita. Da ya ce zai koma aiki, hukumar ilimi ta ce ba ta ƙi ba, amma sai an turo sufeto ya zauna ya kalli darasi guda. In ya gamsu, Baba ya koma ajinsa. In bai gamsu ba, ritaya.

Ni ce nake zama masa ɗaliba a gida idan na taso daga kantin maganin da nake aiki. Abin da na lura da shi, kuma shi ne ya hana ni kwanciyar hankali, kansa garau yake muddin bai gaji ba. Da zarar ya gaji, sai rabawa da ninkawa su riƙa musayar wuri a hannunsa bai sani ba. Da farko ina gyara masa. Sai na ga yadda fuskarsa ke yi, yadda yake tsayawa yana kallon hannun hagunsa kamar ɗan aiken da ya ci amanarsa. Mama ta ja ni kicin ta ce, "Ke ba ki da tausayi ne? Ki ƙyale shi mana ya samu ƙarfin gwiwa." Daga nan na koyi gyaɗa kai.

Shugabar makarantar ta tare mu a bakin ofis da fara'ar da ta wuce misali. Kusa da ita wani siririn mutum ne mai tabarau, wanda bai fi sa'an babban yayana ba, riƙe da jakar takardu. Shi ne sufeton. Ya gaida Baba da ladabi, har da ɗan rusunawa. Da muka kama hanyar ajin, shugabar ta rage tafiya ta raɗa mini, "Wannan fa sinadarai ya karanta. Ba a yi masa rufa-rufa." Ni da nake ta addu'ar a turo mana malamin tarihi.

A bakin ƙofa sufeton ya juyo gare ni. "Za ki iya zama a baya, 'yar'uwa. Amma don Allah ko tari kada ki yi masa."

Ɗakin gwajin yana nan yadda na bar shi. Dogayen tebura masu ƙonannun tabo, kowanne da famfo da ɗan kwamin wanke kwalabe, jadawalin sinadarai a bango da rana ta cinye rabin launinsa, sikeli a cikin akwatin gilashi, da fankar nan mai kukan ƙyaure. Ɗaliban suka miƙe gaba ɗaya suka gaishe shi. Na ga idanunsu sun sauka a kan ƙafarsa, sannan duk suka kau da kai lokaci guda. Wannan kau da kan bai yi mini daɗi ba.

Na zauna a kujerar ƙarshe, sufeton a gefen taga, shugabar kusa da shi.

Baba ya ɗauki farin alli da hagu ya zana ɗakuna uku a jere. A na farko ya rubuta gram, a na tsakiya mol, a na ƙarshe adadi.

"Wa zai tuna mini... dokar gidan nan?"

Wani yaro a gaba ya ce, "Ba ƙofa tsakanin ɗakin farko da na ƙarshe, Malam. Dole a bi ta mol."

"Wanda ya haura katanga fa?"

"Ɓarawo ne!" ajin ya amsa, aka ɗan yi dariya. Na saki numfashi kaɗan.

Ya bi da su a hankali. Mol ba wani aljani ba ne, in ji shi, kamar dozin yake, sai dai dozin sha biyu ne, shi kuwa mol adadinsa ya fi ƙarfin baki. Ya rubuta lambar, 6.02 × 10²³, wadda ya raɗa wa suna Giwa tun zamaninmu. Daga gram zuwa mol, a raba da nauyin mol ɗaya. Daga mol zuwa adadi, a ninka da Giwa. In dawowa za a yi, sai a juya komai. Kalmomin suna fita da ƙyar, amma suna fita daidai, kuma rubutun hagun, duk da ya karkace kamar zai zame daga allon, ana karanta shi. Sufeton yana rubutu jifa-jifa, fuskarsa ba ta nuna komai.

Sannan Baba ya rubuta tambaya. Atom nawa ne a cikin gram 36 na ruwa?

"Mol ɗaya na ruwa... nauyinsa?"

"Gram sha takwas, Malam."

"Talatin da shida a raba sha takwas?"

"Mol biyu."

Ya ninka biyu da Giwa, ya samu 1.204 × 10²⁴. Daidai. Sai ya ɗora allin a gefen lambar ya rubuta kalmar atom, ya ja layi biyu a ƙasa.

Gabana ya yanke ya faɗi.

Wannan lambar ba ta atom ba ce. Ta ƙwayoyin ruwan ce, molekul, kuma kowace ƙwayar ruwa atom uku ne a ɗaure, haidurojin biyu da oksijin ɗaya. Saura a ninka da uku. Kuskure ne da ɗan aji ɗaya kan yi, kuma Baba ya yi mini alkawari da bakinsa cewa yau ba tarko. Ashe gajiyar ta riga ta kama shi, ko rabin lokaci ba a ci ba. Na saci kallon sufeton. Alƙalaminsa ya tsaya. Ya dubi allon, ya dubi Baba, ya ajiye alƙalamin a kan takardar ya haɗa yatsunsa.

Baba ya ja ƙafa ya koma gefe. "Kowa ya yarda?"

Shiru, sai fanka.

A tebur na biyu akwai wata yarinya da na sani a labari, don Baba ba ya dawowa gida bai ambace ta ba. Barkono suke ce mata, saboda bakinta. Ya ce ita kaɗai ta cinye masa jan alli fiye da sauran ajin a haɗe. Daga inda nake ina hango littafinta, kuma na ga ta rubuta "a ninka da uku" ta zagaye shi. Ta gani sarai. Amma ta dafe littafin da tafin hannu ta sunkuyar da kai. Yaron da ke kusa da ita ya waiga ya dubi sufeton, ya dawo ya zungure ta da gwiwar hannu alamar ta yi shiru.

"Na ce... kowa ya yarda?"

"Mun yarda, Malam," in ji wasu muryoyi ƙasa-ƙasa.

Na gane abin da suke yi. Rufa masa asiri suke, suna fatan baƙon bai lura ba. Ni ma, wallahi, abin da nake roƙo ke nan a zuciyata, ya goge allon ya wuce, ko Allah zai sa a manta. Shugabar ta ƙura wa tagar ido kamar an aike ta ƙirga ganyen bishiya.

Baba bai goge ba. Ya tsaya yana bin su da kallo tebur bayan tebur, har ya zo kan Barkono.

"Ke. Kin yarda?"

Ta miƙe a hankali, ba ta ɗago ba. "Na yarda, Malam."

Ya daɗe yana kallonta. Sai ya sa hannun hagu a aljihun rigarsa, ya yi ta lalube don aljihun ba ta wannan ɓangaren aka saba shigarsa ba, ya ciro jan alli sabo fil ya ɗaga shi sama.

Hali zanen dutse. Mutumin nan tun daga gida da allinsa ya fito, yana ce mini ya ji ya yarda.

"Tun ɗazu... yake jiran mai shi," in ji Baba. Muryarsa tana rawa, kuma wannan rawar ba ta ciwo ba ce, na san fushin ubana. "Kun gani. Na san kun gani. Ke har kin rubuta, ina kallon hannunki. Hukuma ba ta yanke ba tukuna, ku kun riga kun yi mini ritaya. Na zama abin tausayi ke nan? Wanda za a bari da kuskurensa... kamar yaro mai tatata?"

Ba wanda ya motsa. Barkono ta fara share ido da bayan hannu.

"Hawaye ba ya ninka komai. Zo ki gyara."

Ta fito, amma bai ba ta jan allin ba. Ya nuna mata farin, ta ɗauka ta ninka lambar da uku, ta fitar da 3.612 × 10²⁴, ta koma ta zauna. Jan ya ci gaba da zama a hannunsa.

Sufeton ya yi gyaran murya. "Malam, ka gafarce ni. An ba ni labarin wannan al'adar taka, kuma na ga allin. Amma ka san aikina. Idan na rubuta cewa da gangan ne, za a tambaye ni yadda aka yi na tabbatar. Ka yarda in ba da tambaya ɗaya daga wurina? Ba tarko a ciki, a bi ta kai tsaye."

"Bismillah, Yallaɓai."

Na so in tashi in ce ya isa haka. Na ga gumi a wuyan Baba, na ga yadda ya jingina ƙugunsa da teburin malami, abin da ba ya yi sai ƙafar ta fara gaza masa. Fushin nan ya cinye ɗan ƙarfin da ya zo da shi. Sandarsa kuwa tana can bayan mota, inda ba ta amfanar kowa.

Sufeton ya ce, "Atom ɗin kabon guda 3.01 × 10²³. Gram nawa ke nan?"

Tafiyar dawowa ce, daga ɗakin ƙarshe zuwa na farko, inda komai ke juyawa. Ita ce daidai wurin da yake tuntuɓe a gida.

Baba ya rubuta lambar. Allin ya kuɓuce masa ya faɗi, yaron gaba ya ɗauko ya miƙa masa. Ya raba da Giwa, yana faɗa da baki, ya samu rabin mol. Na ce alhamdu lillahi a raina. Ya rubuta nauyin mol ɗaya na kabon, gram sha biyu. Saura taki ɗaya, ya ninka rabi da sha biyu ya samu shida, mu tattara mu tafi gida.

Hannunsa ya tsaya a iska. Ya ɗan lumshe ido. Sannan ya rubuta sha biyu, ya ja layin rabawa, ya sa rabi a ƙasa, ya fitar da gram 24.

Na rufe bakina da hannu.

"Tarko!"

Barkono ce, a tsaye, har kujerarta ta kife a baya. "Tarko, Malam! Yaya za a yi rabin mol ya fi mol guda nauyi? Cikakken ma sha biyu ne! Ninkawa ake yi a dawowa, shida ne!"

Ajin ya ɓarke. Ana buga tebura, ana "Tarko! Tarko!", waɗanda suka yi shiru ɗazu yanzu su ne a gaba wajen ihu, kamar masu biyan bashin kunya. Shugabar ma dariya take tana tafi. Sufeton ya girgiza kai yana murmushi, karo na farko tun shigowarsa, ya ɗauki alƙalaminsa.

Ni kaɗai nake kallon fuskar Baba. Ya juya ya dubi allon, ya bi lissafin da ido daga sama zuwa ƙasa, sannan ya dubi hannun hagunsa. Na san wannan kallon, na gan shi a gaban kabad ɗin Mama.

Sufeton ya ce, cikin raha, "Malam, na ce fa ban da tarko. Wannan ma da gangan ne ke nan?"

Ƙofa ce a buɗe. Kalma ɗaya kawai ake nema, kuma duk ɗakin nan a shirye yake ya rantse a kanta. Na kafe Baba da ido ina roƙonsa da duk abin da ke fuskata. Ka ce e, Baba. Ka ce e mu tafi. Ya gan ni kuwa, idonmu ya haɗu.

"A'a, Yallaɓai," in ji shi. "Wannan kuskure ne. Ban gan shi ba... sai da ta faɗa."

Ihun ya mutu kamar an ɗauke wuta. Baba ya miƙa jan allin.

"Zo ki karɓa. Wannan kam kin ci shi da guminki."

Barkono ta fito tana kallonsa tana kallon sufeton, ta gane abin da bakinta ya jawo. "Malam, ni na zaci..."

"Kin zaci daidai. Lissafin ba daidai ba ne, kika faɗa. Abin da na koya miki ke nan. Gyara."

Ta soke ashirin da huɗun da ja, ta rubuta shida. Aka kaɗa ƙararrawa, ba wanda ya tashi sai da Baba ya ce su tafi.

Da ɗakin ya rage mu huɗu, sufeton ya cire tabaraunsa yana gogewa. Ban ga mugunta a tare da shi ba, kuma wannan ya ƙara ba ni haushi, don na rasa wanda zan tsana.

"Malam, waɗannan 'yan ajin ƙarshe ne, jarrabawa na gabansu. Yau yarinyar nan ta kama. Gobe in ba ta zo ba fa, ko suka sake yin kara irin ta ɗazu? Ba zan iya sa hannu ka koma aji ba." Ya mayar da tabaraun. "Da ka ce mini tarko ne, da na sa."

"Na sani," in ji Baba.

Shugabar ta fara maganar liyafar ban kwana da za a shirya, na ce mata mun gode, na kama hannun Baba muka fita. A baranda, ɗaliban sun yi cirko-cirko, suka dare suka ba mu hanya. Bai yarda na tallafe shi ba sai da muka sha kwana.

A mota na kasa tada injin. Ina riƙe da sitiyari, haushi da tausayi sun cushe mini a ƙirji, na rasa wanda zan fara fitarwa. Na juyo in zazzage masa, in tambaye shi me kalma ɗaya za ta rage shi da shi, sai na tarar yana dariya, irin dariyar nan tasa ta yanzu da gefe ɗaya na baki.

"Kin ga yadda ta taso mini? Har da kifar da kujera. Ko sallama babu."

"Baba, aikinka fa ya tafi."

"Ya tafi." Ya goge idonsa da babban yatsa. Ya dubi ƙofar makarantar. "Uwata, na farkon... kin gan shi?"

"Na gani."

"Kika yi shiru."

"Ai ka ji an hana ni magana."

Ya juyo ya dube ni sosai. "A gida fa? Wa ya hana ki?"

Ashe ya sani. Duk yammacin da na zauna ina gyaɗa masa kai a gaban kabad, ya sani. Sai hawaye suka zubo mini.

Ya sake lalube a aljihun, ya ciro wani guntun jan alli, tsoho, duk ya gugu. Ya kamo hannuna daga kan sitiyarin ya sa mini shi a tafi ya naɗe yatsuna a kai.

"Wannan na gida ne. Tun da na fara rubutu da hagu yake aljihuna. Tada motar, uwarki na jira."